Duke Kahanamoku

Duke Paoa Kahinu Mokoe Hulikohola Kahanamoku (an haife shi ranar 24 ga watan Agusta, 1890, ya mutu ranar 22 ga watan Janairu, 1968) ɗan asalin tsibiran Hawai ne, gwanin ninƙaya kuma gwanin hawan igiyar ruwa. Ya wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 1912 da 1920 da 1924, inda ya ci lambobin yabo biyar a ninƙaya, zinare uku da azurfa biyu. An fi saninsa da laƙabin uban hawan igiyar ruwa na zamani. Ba shi ya ƙirƙiri wasan ba, domin kakanninsa sun yi ɗaruruwan shekaru suna yi. Abin da ya yi shi ne koya wa baƙin da ke zuwa hutu bakin tekun Waikiki, da kuma kai wasan Ostireliya da New Zealand da gaɓar tekun Amurka, a lokacin da ya kusa ɓacewa a mahaifarsa. Darasin farko da ake ba masu yawon buɗe ido a bakin teku a yau ya samo tsarinsa ne daga irin koyarwar da shi da abokansa suka yi a Waikiki.

Asali da suna

An haifi Kahanamoku a birnin Honolulu da ke tsibirin Oahu, lokacin Hawai tana masarauta mai cin gashin kanta. Mahaifinsa, Duke Halapu Kahanamoku, ɗan sanda ne, mahaifiyarsa kuwa sunanta Julia Paoa. Shi ne babba cikin 'ya'ya tara, maza shida da mata uku.

A Ingila kalmar Duke sunan sarauta ce, amma a wurinsa sunan yanka ne kawai, kamar yadda ake samun mai suna Sarki ko Yarima a ƙasar Hausa ba tare da yana riƙe da wata sarauta ba. An raɗa wa mahaifinsa sunan ne saboda Yarima Alfred, ɗan Sarauniya Victoria, mai riƙe da sarautar Duke na Edinburgh, wanda ya ziyarci Hawai a 1869. Daga uban sunan ya gangaro kan ɗan fari.

A 1893 iyalin suka koma unguwar Kalia da ke Waikiki, kusa da dangin mahaifiyarsa. A watan Janairun wannan shekara ne wasu attajirai Turawa, da goyon bayan sojojin ruwan Amurka, suka tuɓe Sarauniya Lili'uokalani daga gadon mulki. A 1896 aka kafa dokar da ta mai da Turanci harshen koyarwa a makarantu, a 1898 kuma Amurka ta haɗe tsibiran da ƙasarta. Duke ya yi karatu a makarantar firamare ta Waikiki da makarantar Kamehameha, amma bai kammala ba, ya fita neman abin da zai taimaki gida. Yawancin ƙuruciyarsa a ruwa ya yi ta: iyo da kamun kifi da tuƙin kwalekwale da hawan allo.

Wasan kafin zamaninsa

A harshen Hawai ana kiran wasan he'e nalu. He'e na nufin zamewa ko sulalewa, nalu kuma igiyar ruwa. Alamar da ke tsakiyar he'e baƙi ce mai zaman kanta, irin tsayawar maƙogwaro da ake ji a kalmar Hausa sa'a. Mai wasan yakan kwanta rub da ciki a kan dogon allon katako, ya yi ta tuƙi da hannuwansa zuwa inda igiyar ruwa ke tasowa, ya juyo ya fuskanci tudu. Idan igiyar ta ɗauki allon sai ya miƙe tsaye, ta kawo shi bakin gaɓa.

A tsohuwar al'adar Hawai maza da mata da yara duk suna yin wasan, amma akwai bambancin matsayi. Dogon allo mai kauri da ake kira olo na sarakuna ne, gajere kuma siriri mai suna alaia shi ne na kowa da kowa. Ana caca a kan gwanaye, ana kuma yi musu waƙoƙin yabo. Turawan da ke cikin tawagar Kyaftin James Cook, wadda ta iso Hawai a 1778, sun rubuta bayanin wasan.

A ƙarni na 19 wasan ya ja baya ƙwarai. Cututtukan da jiragen ruwa suka kawo sun kashe 'yan ƙasa masu ɗimbin yawa, har ƙidayar 1900 ta samu ba su kai 40,000 ba, haɗe da ruwa-biyu. 'Yan mishan da suka fara isowa a 1820 sun ƙi jinin caca da tsiraici da cuɗanyar maza da mata da ke tattare da wasan. Aikin ƙodago a gonakin rake kuma ya cinye lokacin mutane. Duk da haka wasan bai mutu ba, wasu iyalai sun ci gaba da yi, musamman a Waikiki. Baƙi ma sukan gwada jefi-jefi. Marubucin Amurka Mark Twain ya gwada a 1866, allon ya kuɓuce masa ya sha ruwa, ya kuma ba da labarin a littafinsa Roughing It.

Samarin Waikiki da koyar da baƙi

A 1901 aka buɗe otal ɗin Moana, babban masaukin baƙi na farko a Waikiki. Masu kuɗi daga Amurka suka fara zuwa hutu a jirgin ruwa, suna kwashe makonni. A 1907 marubuci Jack London ya zo, Alexander Hume Ford da George Freeth suka koya masa hawan allo, rana ta ƙona masa fata har ya kwanta jinya. Rubutun da ya yi a kan abin ya ja hankalin masu karatu a Amurka. A 1908 Ford ya kafa ƙungiyar Outrigger Canoe Club, wadda akasarin mambobinta Turawa ne. Duke da abokansa, waɗanda ke taruwa a gindin wata bishiya kusa da Moana, suka kafa tasu mai suna Hui Nalu, wato ƙungiyar igiyar ruwa, ta tsaya da ƙafafunta sosai a 1911.

Daga cikin wannan ƙungiya aka samu waɗanda ake kira samarin bakin teku. Sana'arsu ita ce kula da baƙo tun daga safe har dare: su fita da shi a kwalekwale, su koya masa iyo da hawan allo, su cece shi in ruwa ya ja shi, da yamma su yi masa kiɗa da waƙa. Ƙannen Duke, su David da Sam da Louis da Sargent, duk sun yi suna a wannan fage.

Waikiki ta dace da ɗan koyo saboda yanayin ruwanta. Duwatsun murjani da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suna sa igiyar ruwa ta karye a hankali daga nesa, ta yi doguwar tafiya kafin ta iso gaɓa, ruwan kuma da ɗumi duk shekara. Darasin yakan fara ne a kan yashi, inda ake nuna wa baƙo yadda zai kwanta a tsakiyar allo, yadda zai tuƙa, da yadda zai tashi tsaye ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, ido na kallon gaba. Daga nan a shiga ruwa marar zurfi. Malamin ne ke zaɓen igiya, domin sanin wadda za ta ɗauki mutum shi ne abin da ya fi wuya, sai ya tura allon daidai lokacin da ta iso. Wanda tsoro ya hana shi shiga shi kaɗai, malamin yakan hau allo ɗaya da shi, ya ɗaga shi tsaye, wani lokaci har ya ɗora shi a kafaɗa.

Allunan wancan zamani ba su da sauƙin sarrafawa. Na Duke, wanda yake kira papa nui, an sassaƙa shi ne daga itacen koa, tsawonsa ƙafa 16, kusan mita 5, nauyinsa kilo 52, kuma ba shi da ɗan fiffiken ƙasa da ke hana allo zamewa gefe. Da ƙafa ake juya shi, a jefa ta cikin ruwa kamar matuƙin kwalekwale. An ruwaito cewa a 1917 wata babbar igiya ta ɗauke shi a kan irin wannan allo tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya da rabi, labarin da har yanzu ake bayarwa a Waikiki.

Ninƙaya da gasar Olamfik

Ranar 11 ga watan Agusta, 1911, aka yi gasar ninƙaya a tashar jiragen ruwa ta Honolulu. Duke ya yi yadi 100 cikin daƙiƙa 55.4, ya rage daƙiƙa 4.6 daga bajintar duniya ta lokacin. Hukumar wasanni ta AAU da ke New York ta ƙi amincewa da sakamakon, ta ce ko dai agogunan alƙalan ba daidai suke ba, ko kuma ruwa ne ya tura shi. Mutanen Hawai suka yi karo-karo suka aika da shi Amurka don a gani da ido. Ya samu horo a birnin Philadelphia a hannun George Kistler, ya kuma samu gurbi a tawagar ƙasar.

A gasar Stockholm ta 1912 saura kaɗan ya rasa damarsa, domin wani ruɗani ya sa 'yan ninƙayar Amurka ba su halarci zagayen kusa da na ƙarshe na mita 100 ba. Cecil Healy ɗan Ostireliya, wanda rashinsu zai ba shi zinare a sauƙaƙe, shi ya nace a ba su dama. Duke ya ci zinare, Healy ya zo na biyu. Duke ya ƙara da azurfa a iyon karɓa-karɓa na mutum huɗu. Healy ya mutu a fagen daga a Faransa a 1918.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya hana gasar 1916, lokacin da Duke ke kan ganiyarsa. A shekarun yaƙin ya zagaya biranen Amurka yana nuna ninƙaya don tara wa ƙungiyar agaji ta Red Cross kuɗi. A gasar Antwerp ta 1920 ya ci mita 100 a ranar da ya cika shekara 30, cikin minti 1 da daƙiƙa 0.4. Aka soke tseren saboda ƙorafin wani ɗan wasa, aka sake, ya sake cinyewa. Ya kuma samu zinare a iyon karɓa-karɓa. A Paris a 1924 Johnny Weissmuller, wanda daga baya ya fito a matsayin Tarzan a finafinai, ya sha gabansa. Duke ya karɓi azurfa, ƙanensa Sam ya karɓi tagulla.

Kai wasan ƙasashen waje

Sunan da ya yi a ninƙaya shi ya buɗe masa ƙofofi. Duk garin da aka gayyace shi nuna iyo, in akwai teku, sai ya nuna hawan allo. Ya yi haka a Atlantic City a 1912 da kuma gaɓar tekun Kalifoniya.

A ƙarshen 1914 ya isa Sydney bisa gayyatar hukumar ninƙaya ta yankin. Bai zo da allo ba, sai ya sassaƙa wani daga katakon da aka samo masa a garin. Ranar 24 ga watan Disamba, 1914, ya nuna wasan a bakin tekun Freshwater. A farkon 1915 ya hau allo ɗaya da wata yarinya 'yar shekara 15, Isabel Letham, wadda ta zama ɗaya daga cikin matan farko da suka yi suna a wasan a ƙasar. Da zai tafi ya bar wa wani yaro, Claude West, allon. West ya riƙe kambun ƙasar na tsawon shekaru, ya kuma yi amfani da allon wajen ceton masu nutsewa. Allon yana nan ajiye a ƙungiyar masu ceto ta Freshwater. Daga Ostireliya Duke ya wuce New Zealand a 1915, ya nuna wasan a Lyall Bay da ke Wellington da wasu wurare.

A watan Afrilun 1920 Yarima Edward na Birtaniya, mai jiran gado, ya yada zango a Honolulu a jirgin yaƙi mai suna Renown. Duke ya fita da shi a kwalekwale, ya kuma koya masa hawan allo. Abin ya shiga ran yariman har ya sake tsayawa a Waikiki a hanyarsa ta komawa gida cikin shekarar. Hotunansa a kan allo sun bazu a jaridu, suka ƙara wa darasin Waikiki kwarjini a idon masu hannu da shuni. Wannan yarima ne aka yi wa hawan daba a Kano a 1925, shi ne kuma ya zama Sarki Edward na Takwas a 1936.

Ceton mutanen jirgin Thelma

Ranar 14 ga watan Yuni, 1925, Duke yana bakin teku a Corona del Mar da ke Newport Beach a Kalifoniya, sai igiyar ruwa ta kife da wani jirgin kamun kifi mai suna Thelma a mashigar tashar, da mutum 17 a ciki. Ya ɗauki allonsa ya yi ta kai da komo tsakanin jirgin da gaɓa, ya fito da mutum takwas. Abokansa suka ceto huɗu, biyar suka mutu. Bayan wannan ne hukumomin ceto a bakin tekun Amurka suka fara sa allo cikin kayan aikinsu.

Neman abinci

Suna bai kawo masa dukiya ba. Dokar wasanni ta lokacin ta haramta wa ɗan Olamfik karɓar ko sisi a kan wasansa, kuma ya ga yadda aka ƙwace lambobin Jim Thorpe, abokin tafiyarsa zuwa Stockholm, a 1913 saboda ya taɓa karɓar kuɗi a wasan ƙwallon gora. Don haka Duke bai iya mai da gwanintarsa sana'a a fili ba, alhali otal-otal da kamfanonin jiragen ruwa suna tallar Hawai da hotonsa. Ya yi ƙananan ayyuka a ma'aikatun gwamnati, ciki har da karanta mitar ruwa. A wasu garuruwan Amurka kuma an sha hana shi shiga gidan abinci ko masauki saboda launin fatarsa.

A shekarun 1920 ya zauna a Kalifoniya yana fitowa a finafinan Hollywood. Ba a taɓa ba shi matsayin jarumi ba, sai na sarkin wata ƙabila ko ɗan fashin teku ko bawan wani. Daga baya ya fito a Wake of the Red Witch na 1948 tare da John Wayne, da Mister Roberts na 1955. Da ya koma gida ya riƙe gidajen mai a Honolulu.

A shekarun 1930 aka zaɓe shi sherif na Honolulu, wato jami'in da ke kula da gidan yari da isar da sammacin kotu. An zaɓe shi sau 13 a jere. Saboda wannan muƙami ne sunansa ya shiga tarihin shari'a. Bayan harin Pearl Harbor na 1941 soja suka karɓi mulkin Hawai, kotun soja ta ɗaure wani farar hula, Lloyd Duncan, aka ajiye shi a gidan yarin da ke hannun Duke. A shari'ar Duncan da Kahanamoku ta 1946, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa kotunan soja ba su da hurumin yi wa farar hula irin wannan shari'a a Hawai. Bayan Hawai ta zama jiha ta 50 a Amurka a 1959 aka soke muƙamin, aka naɗa shi jakadan Aloha, mai tarbar manyan baƙi a madadin jihar. Aloha ita ce kalmar gaisuwa da ƙauna a harshen Hawai.

Iyali da mutuwa

Ya auri Nadine Alexander, malamar rawa a otal ɗin Royal Hawaiian, ranar 2 ga watan Agusta, 1940. Ba su haihu ba. Ya mutu sakamakon bugun zuciya a Honolulu ranar 22 ga watan Janairu, 1968, yana da shekara 77. Dubban mutane suka taru a Waikiki, Rabaran Abraham Akaka ya jagoranci addu'a, aka fita da tokar gawarsa cikin jerin kwalekwale aka zuba a teku, kamar yadda ake yi wa samarin bakin teku.

Abin da ya bari

An sa sunansa a zauren tunawa da gwanayen ninƙaya na duniya a 1965, shekarar da aka fara gasar hawan igiyar ruwa mai ɗauke da sunansa a Sunset Beach. A 1990 aka kafa mutum-mutuminsa na tagulla a bakin tekun Kuhio da ke Waikiki, hannuwansa a buɗe, allo a bayansa, kullum da furanni rataye a jikinsa. Akwai wani a Freshwater. Hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki mai hotonsa a 2002.

Tom Blake, wanda ya haɗu da Duke a Detroit a 1920 ya kuma bi sawunsa zuwa Waikiki, shi ya ƙera allo mai rami a ciki, sannan ya ƙara masa fiffiken ƙasa a 1935. Waɗannan sauye-sauye, da allunan soso marasa nauyi da suka zo daga baya, su suka sa ɗan koyo ke iya tashi tsaye tun a ranar farko.

Duke ya daɗe yana fatan a sa wasan cikin gasar Olamfik. Hakan ta tabbata a gasar Tokyo da aka yi a 2021, inda Carissa Moore, 'yar asalin Hawai, ta ci zinaren mata, Italo Ferreira ɗan Brazil ya ci na maza.

Masana tarihi sun nuna cewa ba mutanen Hawai kaɗai suka san hawan igiyar ruwa ba. Akwai rubutun Turawa tun daga shekarun 1640 da ke bayanin yaran gaɓar tekun da ake kira Ghana a yau suna wasa a kan katako cikin ruwa. Salon Waikiki kuwa ya iso Afirka ta Yamma daga baya, kuma fim ɗin The Endless Summer na 1966 ya nuna shi a Senegal da Ghana da Najeriya. A yau ana koya wa baƙi da 'yan gari wasan a tsibirin Ngor da ke Dakar, da Busua a Ghana, da Tarkwa Bay a Legas, kuma tsarin darasin bai canza sosai ba: a fara a kan yashi, a shiga ruwa marar zurfi, malami ya zaɓi igiya ya tura allon.